Na'urar da ke ƙirga takun mai sabuwar gwiwa

 Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san yadda gaisuwar take. A ce wa mara lafiya, "Sannu Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Ko da daren jiya bai runtsa ba, amsar ke nan. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma dauriya hali ne mai kyau. Sai dai wannan amsa ba ta wadatar da likita, musamman wanda ya yi wa mutum aikin sauya gwiwa, yake kuma son sanin ko majiyyacin nasa yana takawa a gida ko kuwa yini yake a kwance. A wannan makon za mu duba wasu ƙananan na'urori da ake ɗaura wa mutum a jiki domin su ba likita amsar da lambobi. Za kuma mu ga cewa ilimin da ke cikinsu shi ne wanda malamin fiziks yake rubuta muku a allo tun daga aji huɗu.

Mene ne sauya gwiwa?

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. A bakin kowanne akwai guringuntsi mai santsi, irin farin nan da muke gani a gaɓar ƙashin kaza. Shi ne yake hana ƙashi gogar ƙashi. Da shekaru, ko nauyin jiki, ko tsohon rauni, wannan guringuntsi yakan cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ɗan'uwansa. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai da ke sa kakanninmu dafa bango kafin su miƙe.

Idan magani da motsa jiki suka kasa, likitan ƙashi yakan yanke bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya sa musu hular ƙarfe, ya shimfiɗa wata roba mai tauri a tsakani. Tunanin ya daɗe. A shekarar 1890 wani likita a Jamus mai suna Themistocles Gluck ya gwada sa wa mutane gwiwar da aka sassaƙa da hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Irin gwiwar da aka fi amfani da ita yau ta samo asali ne daga aikin John Insall da abokan aikinsa a birnin New York cikin shekarun 1970. Yanzu a Amurka kaɗai ana yin wannan tiyata fiye da sau 600,000 a shekara. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin 82 cikin ɗari na irin waɗannan gwiwoyi suna kaiwa shekara 25 ba a sake su ba.

To amma akwai wata lamba da ke damun likitoci. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka yi wa aikin ba ya gamsuwa da sakamakon. Wani ciwon bai tafi ba, wani gwiwar ta sandare, wani kuma har yanzu yana ɗingishi. Sau da yawa matsalar tana farawa ne bayan an sallami mutum daga asibiti.

Makonnin da babu mai gani

Tiyatar kanta ba ta cika wuce awa biyu ba. A asibitoci da yawa ana tayar da majiyyaci ya taka a ranar ko washegari, a sallame shi cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai aikin ya koma hannunsa da na ma'aikatan gashin ƙashi, waɗanda ake kira fisiyo. Babban naman gaban cinya, wanda ke miƙar da gwiwa, yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa a watan farko. Sai an yi ta atisaye kullum kafin ya dawo.

Akwai kuma batun lanƙwasuwa. Ku ɗauko furotirakta daga cikin mas-set ɗinku. Miƙaƙƙiyar ƙafa tana kan digiri 0. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasu kimanin digiri 60. Hawa bene da tashi daga kujera suna buƙatar wajen digiri 90. Tsuguno, da zama a tabarma, da zaman tahiya a sallah suna neman digiri 140 ko fiye, shi ya sa da yawa daga waɗanda aka yi wa aikin suke yin sallah a kan kujera. Idan mutum ya ji zafi ya daina lanƙwasa gwiwar, tabon da ke ciki sai ya yi tauri ya riƙe ta. Likitoci suna da dabarar sa mutum barci su lanƙwasa gwiwar da hannu, amma dabarar ta fi aiki idan an yi ta cikin wata ukun farko. Wanda aka gano matsalarsa a makare yana iya zama da sandararriyar gwiwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Majiyyaci yakan koma ganin likita ne bayan makonni, kuma ganin ba ya wuce 'yan mintuna. A ranar ya yi wanka, ya sha maganin ciwo, ya daure ya yi tafiya mai kyau a gaban likita, kamar yadda aji ke nutsuwa ranar da sufeto ya zo. Sauran kwanakin kuwa babu wanda ya gani. Masu bincike sun lura cewa a makonnin farko mutane sukan ce sun samu sauƙi a takardar tambayoyi, alhali idan aka auna saurin tafiyarsu da hawan bene sai a ga sun fi rauni a kan yadda suke kafin tiyata. Ba ƙarya suke yi ba. Tsohon ciwon ya ragu, shi suke ji. Amma raguwar ciwo daban, dawowar tafiya daban.

Abin da ke cikin na'urar

Na'urar da muke magana a kai ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ana ɗaura ta da maɗauri a cinya, ko ƙwauri, ko ƙugu, ko a maƙala ta a takalmi. Akwai kuma wadda ake sa wa a hannu kamar agogo. A cikinta akwai ma'aunai guda biyu masu muhimmanci, kuma duka biyun suna cikin wayoyin zamani da yawa.

Na farko shi ne akselaromita, mai auna sauyin gudu. Ku tuna yadda jikinku ke yin baya idan direban bas ya fizgi mota, ya kuma yi gaba idan ya taka birki. A cikin akselaromita akwai wani ɗan mitsitsin nauyi da aka rataye a kan siraran sifirin da aka sassaƙa da silikon, ƙanana ƙwarai har sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Idan na'urar ta motsa, nauyin sai ya ɗan goce, wutar da ke gefensa ta canja, ƙwaƙwalwar na'urar ta mayar da canjin zuwa lamba. Ko a ajiye take tana jin ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi, wato 9.8 ɗin nan da kuka haddace. Da haka take sanin ina ne ƙasa, ina ne sama. Shi ya sa hoton waya ke juyawa idan kun kwantar da ita.

Na biyu shi ne jairoskof, mai auna saurin juyawa, wato digiri nawa abu ya juya a daƙiƙa ɗaya. Idan aka ɗaura na'ura ɗaya a cinya, ɗaya a ƙwauri, bambancin karkatarsu shi ne kusurwar gwiwa. Ke nan an samu furotiraktar da ke aiki mutum yana cikin tafiya. Irin waɗannan ma'aunai sukan ɗauki awo sau 50 zuwa 100 a kowace daƙiƙa, su tura wa waya ta Bluetooth, wayar ta tura wa asibiti ta intanet.

Me likita yake karantawa?

Abu na farko shi ne yawan taku a rana. Kada ku ɗauka ana neman 10,000 ɗin da ake yawan faɗa. Wannan lamba ta fito ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da wani kamfanin Japan ya fara sayarwa a 1965. Abin da fisiyo ke dubawa shi ne ko takun wannan mako ya fi na makon jiya.

Na biyu shi ne saurin tafiya. Baligi mai lafiya yakan yi mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa. A 2009 wasu masana gashin ƙashi biyu a Amurka, Stacy Fritz da Michelle Lusardi, suka ba da shawarar a ɗauki saurin tafiya a matsayin alamar lafiya ta shida, a jera shi da zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da sauransu. Dalili shi ne tafiya tana haɗa aikin zuciya, da huhu, da jijiyoyi, da ƙashi. Idan ɗaya ya gaza, sauri yakan ragu.

Na uku shi ne daidaiton ƙafafu, kuma nan ne na'urar ta fi idon mutum. A tafiya ta lafiya, kowace ƙafa tana yin kimanin kashi 60 cikin ɗari na lokacinta a ƙasa, kashi 40 a sama. Mai sabuwar gwiwa yakan yi saurin ɗage ƙafar da aka yi wa aiki, ya jibga nauyinsa a kan ɗayar. Bambancin yana iya zama ɗan kaso na daƙiƙa wanda ido ba zai kama ba. Amma idan ya daɗe, lafiyayyar gwiwar ce za ta ɗauki wahalar, ga ta kuwa sau da yawa ita ma amosanin ya fara taɓa ta.

Da waɗannan lambobi, fisiyo yana iya ganin cewa lanƙwasuwar gwiwar wani dattijo ta tsaya a digiri 70 tsawon kwana goma. Ba sai ya jira ranar da aka ba shi ba, sai ya buga masa waya ya ce ya zo gobe. Wata kuma sai a ga ta yi tafiya mai yawa a yini ɗaya, washegari ta kasa tashi saboda kumburi, sai a ce mata ta riƙa rarraba tafiyar. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani darasi da wannan awo ya koyar shi ne, mutane da yawa ba sa ƙara yawan motsinsu sosai ko bayan wata shida da tiyata, duk da cewa ciwon ya ragu. Shekarun da suka yi suna gudun tafiya sun zame musu jiki. Da "da sauƙi" kaɗai aka dogara, da wuya a gano haka.

Inda lissafi ke shigowa

Ga wani abu da zai burge masu son lissafi. Akselaromita ba ta auna nisa. Sauyin gudu take aunawa, daga nan a lissafa gudu, daga gudu a lissafa nisa. Matsalar ita ce kowane ma'auni yana da ɗan kuskure, kuma kuskuren yana taruwa.

Mu ɗauki ƙa'idar da kuka sani: nisa daidai yake da rabin sauyin gudu sau lokaci sau lokaci. A ce na'urar tana kuskuren 0.1 kacal. Bayan daƙiƙa 10, rabin 0.1 sau 100 ya ba mu mita 5. Bayan minti ɗaya, rabin 0.1 sau 3,600 ya ba mu mita 180. Ke nan mutum yana zaune a kujera, na'urar tana cewa ya kusa ƙetare filin ƙwallo biyu.

Yaya injiniyoyi suka yi da wannan? Sun lura cewa a kowane taku akwai ɗan lokacin da tafin ƙafa ke dafe da ƙasa, ba ya motsi. Sai suka koya wa na'urar da ke takalmi ta gane wannan lokacin, ta mayar da gudu zuwa sifiri, ta fara sabon lissafi. Kuskuren ba ya samun damar girma, domin ana share shi a kowane taku. Dabarar ba ta buƙaci sabon ƙarfe ko tsadar kaya ba. Lura da yadda mutum ke tafiya ne ya haifar da ita.

Inda aka kai yanzu

A 2018 kamfanin Zimmer Biomet, mai ƙera gaɓoɓin roba da ƙarfe, ya haɗa kai da Apple suka fitar da manhajar mymobility, wadda ke aiki da agogon Apple Watch domin bin diddigin waɗanda aka sauya wa gwiwa ko ƙugu. Daga 2020 wayoyin iPhone suka fara auna saurin tafiya, da tsawon taku, da rashin daidaiton ƙafafu, muddin wayar tana aljihu. A watan Agustan 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata gwiwa mai suna Persona IQ, wadda Zimmer Biomet da Canary Medical suka yi. Ita wannan, ma'aunin yana cikin sandar da ake dasawa a ƙashin ƙwauri, da batirin da aka tsara ya yi aƙalla shekara goma. Tana tura bayanan taku da sauri da lanƙwasuwa zuwa wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗakin kwana, shi kuma ya tura wa likita. Babu batun mantawa da ɗaurawa, domin na'urar tana cikin ƙafar.

Abin da ba ta gani

Kada mu ɗauka an gama. Agogon hannu yana ƙirga taku ne da lilon hannu. Wanda aka yi wa tiyata kuwa hannuwansa suna riƙe da sanda ko ƙarfen dogarawa, ga shi yana tafiya a hankali. Saboda haka agogon yakan ƙirga ƙasa da abin da ya taka, a daidai lokacin da aka fi buƙatar gaskiyar lambar. Na'urar cinya kuma idan maɗaurin ya zame, kusurwar ta ɓaci. Idan batir ya mutu ko data ta ƙare, likita zai ga sifiri, bai san ko mutum ya kwanta ciwo ne ko kuwa wuta aka ɗauke a unguwarsu ba.

Haka nan na'urar ba ta jin zazzaɓi, ba ta ganin ruwa yana fita daga ɗinki, ba ta sanin sharaɓa ta kumbura tana zafi, wanda yana iya zama alamar gudan jini a jijiya. Waɗannan alamu ne na a garzaya asibiti, ko da lambobin waya suna da kyau. Ba ta kuma san dalili ba. Za ta nuna cewa Hajiya ba ta taka sosai, amma ba za ta faɗi cewa tsoron faɗuwa take ji ba, ko kuwa 'ya'ya da jikoki ne suka hana ta ɗaga ko da buta saboda tausayi. Wannan sai an zauna da ita an tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bakin majiyyaci da lambar na'ura tare suke aiki.

Akwai kuma batun sirri. Na'urar da ta san lokacin tashinka da lokacin kwanciyarka ta san abubuwa da yawa game da kai. Wa ke riƙe da bayanan? Asibiti ne, ko kamfani, ko masu inshora? A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Duk wanda za a ɗaura wa irin wannan na'ura yana da haƙƙin ya tambayi inda bayanansa za su je kafin ya amince.

Ina ruwanmu?

Yawancin wannan aiki a Amurka da Turai ake yin sa, inda tiyatar ta yawaita. Amma ku yi tunanin wanda ya zo Asibitin Ƙashi na Dala a Kano daga wani ƙauye mai nisa, aka yi masa aiki a ƙafa, ya koma gida. Kowace dawowa kuɗin mota ne, da yini guda, da zaman awoyi a mota da ƙafa mai ciwo. Ma'aikatan gashin ƙashi kuma sun fi yawa a birane. Idan akwai wanda ya fi kowa buƙatar a duba tafiyarsa daga nesa, to shi ne. Sai dai na'urar da za ta yi masa amfani dole ta kasance mai araha, mai jure zafi da ƙura, mai riƙe caji, wadda za ta yi masa bayani da harshen da yake ji, ta kuma san cewa burinsa ya haɗa da zama a tabarma. Masu ƙera ta za su fito ne daga ɗaliban da ke karanta fiziks da lissafi da bayoloji a yau, su wuce sassa irin su gashin ƙashi ko injiniyan mekatironiks, waɗanda duka akwai su a Jami'ar Bayero.

Ga aikin wannan mako, kuma gwaji ne da ake yi a asibitoci na gaske. Ku nemi tef ɗin awo, ku auna mita 14 a fili mai laushi a makaranta. Ku ja layi a mita 2 da kuma a mita 12. Abokinku ya taso daga farko da tafiyarsa ta kullum. Ku danna agogo idan ya ƙetare layin farko, ku tsayar idan ya ƙetare na biyu. Ku raba mita 10 da daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Wanda ya yi daƙiƙa 8, saurinsa mita 1.25 ne a daƙiƙa. Ku maimaita sau uku ku ɗauki matsakaici. Sannan ya saka waya mai ƙirga taku a aljihu, ku kuma ku ƙirga da baki, ku kwatanta. Ya sake yi a hankali ƙwarai yana jan ƙafa, ku ga ko wayar za ta ci gaba da faɗin gaskiya. Ku yi wannan da abokai masu lafiya kawai. Wanda aka yi wa tiyata ko yake yawan faɗuwa, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya gwada shi.

Ku rubuta sakamakon a tebur, ku nuna wa malaminku na fiziks, ku kuma aiko mana da shi tare da sunan makarantarku. Muna son mu ga a wane sauri ne wayoyinku suka fara ɓatan lissafi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.